Yinin da Na Ba Teku Baya

Ina da shekara shida muka tsallako teku daga Sudan, ni da uwata da ƙanenta. Ban riƙe komai na tafiyar ba sai amai da zazzaɓi. Na farfaɗo a bayan motar kaya, kaina a cinyar Kawu, babu uwata. Ya ce ta rasu a Yanbu, garin da ke gaɓar da muka sauka, ya binne ta a maƙabartar da ke bayan kasuwar kifi, daura da wani gida mai koriyar ƙofa. Shekara arba'in yana faɗa mini haka, bai taɓa sauya kalma ɗaya ba.

Shi ya raine ni a unguwar Harra ta Gabas cikin Madina, a ɗaki guda. Tun da ya shigo Madina, in ban da hajji ɗaya, bai sake ƙetare iyakarta ba. Tsoronsa kada ajali ya riske shi a waje ya rasa makwanci a maƙabartar Baƙi'a. 'Yan unguwa na tsokanarsa, suna cewa ko gidansa aka ɗauke aka kai Badar, sai dai ya kwana a titi. Ba ya dariya.

Ni sana'ata kai tukunyar gas gida-gida a keke. Lokacin ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Motar haya ana tsayar da ita a hanya, a ce kowa ya fito da takarda. Mai keke da akwatin katako a baya kuwa ba mai kallonsa, ɗauka ake yi gonar dabino ta gaba za shi. Shi ya sa da na ƙudurta ziyartar kabarin uwata, a keke na tafi.

"Kawu, gobe za ni Yanbu."

"Ka yi me?"

"In gaida Inna."

"Gaisuwa tana isa daga nan. Zauna."

"Na zauna shekara arba'in."

Ya juya fuskarsa bango. Na ɗaure jarkar ruwa da dabino da gurasa, na fita.

Lokacin sanyi ne. Kwana uku na yi, yawanci gangara tsakanin baƙaƙen duwatsu. Taya ta fashe sau biyu. Bayan Badar ƙasa ta shimfiɗe, iska ta fara ɗanɗanon gishiri, sai ga ni cikin jirgin nan ina ɗan shekara shida. Ban san jiki yana riƙe abu haka ba.

Na shiga tsohon garin Yanbu da hantsi, ina tura keken. Ban taɓa ganin gini irin wannan ba. Gidaje hawa biyu da uku, an gina su da dutsen teku mai ramuka kamar saƙar zuma. Na sa yatsa a wani bango, na ciro ɗan katantanwa. Tagogin katako sun turo kai saman hanya, an yi musu sassaƙa ƙanana yadda mace za ta ga waje ba a gan ta ba. Yawancin gidajen ba kowa. Wani rufinsa ya rufta, sai matakala tana hawa sama ba ta kai ko'ina. Kyanwoyi sun gaje wurin. Na bi lungu-lungu ina duba ƙofofi. Na samu kore har bakwai, duk fentin ya ɓaɓɓare. Babu wadda ke kallon maƙabarta.

Teku na nan a ƙarshen kowane lungu, shuɗi, yana ƙyalli. Duk inda na hango shi sai in juya. Ba shi na zo gani ba.

A bakin kasuwar kifi na tarar da wani tsoho yana ɗinkin koma, da tsagar mutanenmu a kumatu. Na yi masa sallama da Hausa. Ya dube ni, ya dubi keken.

"Daga ina da wannan jakin ƙarfe?"

"Madina."

"La haula! Wa ya koro ka?"

Na faɗa masa abin da nake nema. Ya ajiye allurar.

"Bayan kasuwar nan? A nan aka haife ni, ya Hajji. Ba abin da ke bayanta sai ruwa. Wane jirgi ya kawo ku?"

"Na katako. Ban san wani abu ba."

"Irin waɗannan ba sa shigowa tasha. Can nesa suke zube mutane su juya. Kuma mai jirgi ba ya yarda ya iso gaɓa da gawa."

"Kawuna ba ya ƙarya, Baba."

"Ban ce ya yi ba. Zo ka ci kifi."

Ban ci ba. Na nemi maƙabartar garin, can ta wajen tudu, kewaye da katanga. Kaburbura ba suna, ba alama, kamar ko'ina a ƙasar nan. Na tsaya na yi wa duk wanda ke ciki sallama. Na hau keke ban waiwaya ba.

Komawa hawa ce. Kwana biyar, rabi a ƙasa ina turi. Na iske Kawu inda na bar shi, a kan tabarma, carbi a hannu.

"Ka same ta?"

"Babu maƙabarta a bayan kasuwar kifi."

Carbin ya tsaya.

"Da hantsi ta cika," ya ce. "Muna hango fararen gidajen. Na roƙi mai jirgin, na kama ƙafarsa. Ya ce gawa za ta jawo askarawa, a kama duk wanda ke ciki. Matan jirgin suka yi mata wanka, na ba da haramina aka naɗe ta. Muka sallace ta jirgi na lilo. Ni na riƙe wajen kai. Ni na sake ta cikin teku."

"Koriyar ƙofar fa?"

"Na gan ta da motar ta ratsa garin. In yaro ya tambayi inda uwarsa take, wuri za ka ba shi."

"Na daɗe da girma, Kawu."

"Kullum sai in ce gobe."

Ban yi masa faɗa ba. Na kunna risho na dafa mana shayi. Daga ranar ban ƙara bari wani ya tsokane shi a gabana kan Baƙi'a ba.

Bai shekara ba ya rasu, a cikin Madina, kan tabarmar nan. Ya samu abin da ya zauna jira. Ni na shiga ramin na karɓe shi, na taɓa ƙasar da hannuna na ji tana nan daram.

Da sanyi ya zagayo na sake ɗaure jarka da dabino. Wannan karon ban duba ƙofar kowa ba. Na bi ta bayan kasuwar kifi, na kwantar da keken a yashi, na tuɓe takalmi, na shiga ruwa har gwiwa. Ya fi yadda nake zato ɗumi. Na fuskance shi.

Na ce, "Inna, ni ne. Na zo bara, ban gane wurin ba."