Ruhewar Likitan Kusu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Garba makwancinsa. Ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka tun muna yara babu maganar da ke shiga tsakaninmu ba tare da tsiya a cikinta ba. Likitan dabbobi ne, ya yi aikin shanu daga Anka har Gummi, amma da wuya ka ji an kira shi da wannan. Likitan Kusu ake ce masa, kusu kuwa shi ne ɓera a bakinmu na nan yamma. Ni na laƙa masa sunan, ya bi shi har kabari.

Asalin sunan daga Gini ne. Ina fataucin goro a can lokacin da ya zo tare da wasu masu binciken zazzaɓin Lassa, cutar nan da mutane ke ɗauka daga fitsari da kashin ɓera. Ba ya jin Faransanci, sai na zama tafintansa. Da safe mukan bi ƙauyuka ana kwaso tarkunan da aka ɗana, shi da safar hannu da ƙyalle a hanci, ni kuma daga nesa ina tambayarsa ko don wannan gwaggo ta sayar da saniyarta ta kai shi makaranta. Yakan ce gara shi, ɓerayen da yake kamawa ba su taɓa cinsa bashi sun gudu ba.

A wani ƙauye ya nuna mini irin ɓeran da ke ɗauke da cutar, mai nonuwa jere tun daga ƙirji har ciki. Ga ƙiba, ga ido garau, yana ta kai gwauro yana kai mari a cikin keji. Gwaji ya nuna cutar na jikinsa. A makon nan kuwa aka binne matar gidan da aka kama shi. Na ce masa ashe Bahaushe bai gama magana ba da ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ga wanda ya ja ruwan nan a bushe.

Abin da ya hana Garba sukuni ke nan har ƙarshen ransa. Yadda ya fahimtar da ni, sau da yawa ɓeran kan ɗauki cutar tun yana jariri, jikinsa kuma ba ya tayar mata da yaƙi irin na jikin mutum. Yana tsare ta daidai gwargwado, ita ma ba ta cinye shi, su zauna tare. Wannan hali a ƙwayoyin halittarsa yake, gado ne daga zuriya bayan zuriya, kamar yadda wasu shanun kudu ke jure cizon ƙudan tsando da ke kayar da namu. Burinsa a gano waɗanne ƙwayoyin gadon ne ke yin wannan aiki, ko a samu abin da za a taimaki mutum da shi. Amma yakan ƙara da cewa sulhun kusu da cuta maƙwabci ne ke biyan kuɗinsa, kuma kafin masana su gama nasu, namu guda ne: a raba inda kusu ke cin abinci da inda mutum ke kwana.

Da ya bar aiki ya koma ƙauyensu kusa da Adabka, ya gina ruhewa, wato babban rumbun ƙasa, irin wadda ba a taɓa gani a wurin ba. Na ga rumbunan Zabarmawa a Nijar, na ga na Mosawa, na ga ramukan dawa da ake haƙawa a Sudan, kowanne da dabararsa, kuma duk abin da na ba shi labari sai da ya ɗauki wani abu a ciki. Ya ɗora ta bisa duwatsu masu tsawo, ya naɗe ƙafafun da kwanon rufi don kusu ya zame, ya goge jikinta sumul, ya kai ta can ƙuryar gida nesa da ɗakunan kwana. Mutane suka ce Likitan Kusu ya gina wa gero bene shi yana kwana a ƙasa. Da gubar dalma da ke cikin dutsen zinari ta fara kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, maganar da ya yi ta yawo da ita a kan babur ita ce dai: dutsen zinari ba na cikin gida ba ne, a fitar da shi waje. Hawan jini ne ya ɗauke shi, a lokacin da mutum ke iya tashi daga Gummi bayan la'asar ya nufi Adabka ba tare da ya yi wasiyya ba.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Duk iliminsa ya ginu ne a kan cewa akwai wani wuri da ake kira waje, inda za a kai abin da ke cutarwa. Yanzu wajen yana hannun 'yan bindiga. Gonakin nesa sun koma daji, na kusa sai da izininsu. Rumbu cike gayyata ce, don shi suke fara dubawa, su kwashe, abin da ba su iya ɗauka ba su sa masa wuta. Saboda haka hatsi ya koma cikin ɗakuna, ƙarƙashin gado da bayan labule, kusu kuma ya bi abincinsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari, sai dai wannan karon ba da son ranmu muka ajiye daddawar a gefen matashin kai ba. Wani lokacin nakan ji ana cewa mutanen ƙauyukanmu sun saba, sai in tuna da ɓeran nan na cikin keji, in ji raina ya ɓaci. Shi an halicce shi da juriyarsa. Namu mutanen babu abin da suka gada a jini, ramewa kawai suke yi a tsaye.

Bayan kakar bana na samu na je ƙauyen, ranar kasuwa, cikin ayarin masu babura. Matar Garba, Hajo, na nan da jikoki, 'ya'yan babban ɗansu da ya tafi ci-rani. Na so in kai mata durom na ƙarfe mai murfi ta zuba hatsi, amma babu ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauka. Suka ce masu tsaron hanya za su zaci mai ake kai wa na daji, na daji kuma za su tare don su karɓi man. Hannu rabbana na isa.

Ɗakinta cike yake da buhuna, da ƙyar ake samun wurin salla. Na sa hannu a bakin wani buhun dawa, na ga kashin kusu baƙi-baƙi a tafina. Ta ce ƙaramar jikar ta yi zazzaɓi da damina, har kunnenta ya yi nauyi, ba a san ko na sauro ne ko waninsa ba, don a makon hanya ba ta biyuwa. Na roƙe ta ta tattaro yaran mu koma gidana a Gummi. Ta ce in ta bar hatsin an kwashe, in ta ɗauko shi an tare, kuma ba za ta kai bakuna shida gidan da ta san abin da ke cikin tukunyarsa ba.

Na ce to ai yaran ba za su ci gaba da kwana cikin buhuna ba. Ta ce wa ya gaya mini a nan suke kwana, sannan ta ja ni ƙuryar gida. An fasa wa ruhewar ƙofa a gefe, an jingina tsani. A ciki tabarmi ne a shimfiɗe, da gidan sauro, da takalman yara. Babu ƙwayar hatsi ko ɗaya, babu alamar kusu.

Sai na tambaye ta abin da dole ne a tambaya, ranar da suka zo suka cinna wa rumbuna wuta fa?

"Alhaji, na yi wanga lissahi," in ji ta. "Su ba kullum suka zuwa ba, kuma babur shina da ƙara, in na ji in hiddo su. Kusu kullum shina nan, ba shi da ƙara. Malam, Allah jiƙan shi, ya ce a raba, na raba. Mi kaka so in yi?"

Garba bai gano ƙwayoyin gadon da yake nema ba, ban kuma sani ba ko masu neman su a manyan ɗakunan gwaji sun san akwai wani wuri Adabka. Abin da ya rage nasa shi ne jumla guda da mace ɗaya ta riƙe, ta yi aiki da ita a cikin ɗan filin da aka bar mata. Allah Ya jiƙan taubashina, Ya sa ya huta. Jiya da aka samu sabis na kira Hajo, ta ce yara sun tashi lafiya, sai dai an ji babura wajen rafi.