Kofin Habibu ya hana ni sukuni

Jiya ɗana Habibu ya shigo da kofin gudun mita ɗari, ko murmushi babu. Ya kafa sabon tarihi a ajinsu a nan Haɗejiya, sai malamin wasanni ya ce ya kawo takardar haihuwa don a duba shekarunsa.

Gabana ya faɗi. Shekara biyu ya rasa bayan ambaliya ta tashe mu daga ƙauye, shi ya sa ya girmi 'yan ajin.

Na ce, "Ai ajinku ɗaya."

Ya ce, "Baba, wanda ya zo na biyu fa sa'an ƙanena ne. Har kuka ya yi."

Ina tsoron a goge sunan ɗana, ina kuma jin kunyar yaron can. Jama'a, da aji za a auna gudun yara, ko da shekaru?