Rijiyar Agali Ba Ta Mutu Ba

Har yau ban manta da ranar da na tura wa darakta takardarsa ba tare da na sa mata hannu ba. Cikin watan Disamba ne, ina sakataren kwamitin da ke kula da filaye a Dakoro. Ku da kuka shigo aikin daga baya kun tarar da taswira a cikin waya, kuna jan ta da yatsa. Bari in gaya muku yadda ɗigo guda a cikinta ya raba ni da kujerata.

Da can kowace ma'aikata da taswirarta. Masu ruwa da tasu, masu kiwo da tasu, kamfanonin waya da masu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, kowa ya kulle tasa a biro, ofishinsa ke nan. Sai gwamnati ta ce a haɗa su wuri guda. Kamfanoni masu zaman kansu za su bi ƙasa da na'ura su auna kowace rijiya, kowane burtali da tafki, mu kuma ma'aikatan gwamnati mu duba mu tabbatar. Abin da kwamitin yanki ya sa wa hannu shi ke shiga rumbun bayanai na ƙasa, daga nan kowa ya ɗiba. Ina cikin masu son abin tun farko. Na yi aiki a Mali, na yi a Cadi, na ga inda aka haƙa foraj biyu suna kallon juna, ƙauyen da ke gaba kuma mata na yin wuni a hanyar ruwa, don kawai masu haƙar ba su taɓa ganin takardar juna ba.

Ranar tabbatarwa darakta ya zo daga Yamai, tare da injiniyar kamfanin da ya auna yankinmu, wata mai suna Hadiza. Ta haska taswira a bango. Rijiya mai rai shuɗin ɗigo, matacciya ja. Muna bi daga Korahane zuwa arewa, har muka wuce Azagor, sai na ga ja a kan wani kwari da na sani.

Na ce, "Ɗiyata, tsaya nan. Waccan rijiyar Agali ce. Yaushe ta mutu?"

Ta buɗe hoton da ta ɗauka. Bakin rijiya a rufe da itace, an jibga ƙaya a kai. Babu kashin dabba, babu sawu, ciyawa ta kai ƙugu ko'ina. Ta ce, "Baba, zaɓi biyu ne na'urar ke ba ni. In na tarar ana ɗibar ruwa, in ɗauki hoto, mai rai ce. In ban tarar ba, matacciya." Ba ta yi ha'inci ba. Abin da aka sa ta ta yi, kuma ta yi shi da kyau.

Sai dai rijiyar ba ta mutu ba, rufe ta aka yi da gangan. Da damina ta ɗauke, Agali, wani dattijon makiyayi, da mutanensa sukan toshe ta, su bi tafkuna da rijiyoyin kudu. Inda babu ruwa garke ba ya zama, saboda haka ciyawar kwarin ta tsaya cak har bazara. Sai ko'ina ya ƙone, shanu sun fara faɗuwa, sannan a buɗe. Wannan shi ne rumbunsu. Na ga irinsa wajen Larabawan Cadi, na gani wajen Fulanin Mali, kowa da sunan da yake kiransa, amma hikimar ɗaya ce.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Ba a ba da izinin haƙa sabon ruwa kusa da rijiya mai rai sai da yardar masu ita. In ta mutu, fili ya buɗe. Kuma a biro ɗina akwai buƙatar wani babban dillalin shanu da ke son foraj a wannan kwarin. Rijiyar Agali kaɗai ta tare shi. Ranar da foraj ya fara zuba, manyan motoci za su sauke shanu rani da damina, kafin sanyi ya fita babu ko tsinke.

Ranar kasuwa ce, na san Agali yana kara, kasuwar dabbobi, wajen raƙuma. Da aka tashi sallar azahar na aika aka kira shi. Ya shigo da rawaninsa da sandarsa, ya ƙi kujera, ya tsaya gaban bango. Na nuna masa ɗigon, na yi masa bayani da Tamashek, yarensu na Buzaye.

Ya amsa da Hausa don kowa ya ji. "Mai takarda, wa ya kashe ta? Ni dai ba a aiko mini ta'aziyya ba."

Aka yi dariya, har da darakta. Shi mutum ne mai son a gama abu cikin sauƙi, sai ya ce, "Abin bai kai haka ba, dattijo. Gobe a kai ka da mota, ka buɗe rijiyar, ka shayar da raƙumi ko guda, madam ta ɗauki hoto, ka sake rufewa."

Agali ya dube shi kamar yadda ake duban baƙon da bai san hanya ba. "Yallaɓai, rijiya buɗaɗɗiya ba a hana ma mai ƙishi. In na ɗaga ƙayar nan da hantsi, kahin la'asar labari ya kai garin Mai Yara. Wanda ya taho da garkenai, mi zan ce mishi? In ce na buɗe ma hoto ne? Ubana bai taɓa kore dabba daga bakin ruwa ba, ni ko ba ni farawa. Ƙayar nan ita ka hana, ba bakina ba."

Darakta ya juyo kaina. "Malam sakatare, to ka sa hannu haka nan. Za a gyara daga baya."

Na ce, "Yallaɓai, na san wannan daga bayan. Na tarar da shi a ƙasashe da dama, har yanzu bai iso ba. Da na sa hannu yau, gobe ɗigon nan yana cikin rumbun ƙasa. Jibi mai foraj ya buga shi a takarda ya ajiye mini a tebur, da sa hannuna a ƙasa yana shaida cewa rijiyar ta mutu. Da wane baki zan hana shi?"

"Me kake so ke nan?"

"Launi na uku. Rijiyar da aka rufe don ajiyar ciyawa."

Ya ce tsarin na ƙasa ne baki ɗaya, an rattaba shi cikin kwangila, ba a sake shi don rijiya guda. Na ce ba guda ba ce, guda ce dai na gane yanzu. Ya ce ana buɗe rumbun a gaban manya da abokan hulɗa cikin ƴan kwanaki, in ban sa hannu ba yankin Dakoro duka zai fito fari fat a bango, kamar babu kowa a cikinsa.

Na ce, "A bar shi fari. Fari yana cewa ba mu sani ba tukuna. Jan nan cewa yake mun sani, alhali ƙarya ce."

Ya ajiye biƙ ɗin rubutu a gabana, ya tuna mini cewa akwai masu jiran kujerata. Na mayar masa da biƙ ɗin da takardar, na ce kujerar ta gwamnati ce, hannun nawa ne. Cikin sauran ƴan kwamiti ba wanda ya miƙa hannu ya ɗauki takardar. Agali ya tambaya ko an gama da shi, don ya bar raƙumi ana ciniki.

An buɗe rumbun kamar yadda aka tsara, Dakoro fari a tsakiya. Ba a daɗe ba takardar canjin wurin aiki ta zo. Aka mayar da ni Maraɗi, ɗakin ajiyar tsofaffin takardu, inda na ƙarasa shekarun da suka rage mini. Ba zan ce muku ban ji zafi ba. Na bar gidan da na gina, na bar iyalina ana kai da komowa.

Amma aikin kamfani bai cika ba muddin babu sa hannun Dakoro, don haka da bazara suka sake turo Hadiza. Ta tarar da rijiyar Agali a buɗe, ana jan guga da raƙumi, shanu sun yi layi. Da ta ga haka ba ta tsaya nan ba, ta bi sauran jajayen ɗigon arewa ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da yawansu ana sha. Ita ta rubuta wa manyanta, ita ta yi ta gardama da su har aka ƙara launi na uku, rawaya. Wanda ya gaje ni shi ya sa hannu. Ta kira ni a waya ta ce, "Baba, rijiyarka ta farfaɗo." Na ce ba tawa ba ce, kuma barci take yi.

Dillalin nan ya samu foraj ɗinsa a wani yanki da aka sa hannu kan lokaci. Na bi ta wurin shekarar da ta wuce. Ƙasa ce tsirara har iyakar gani.

Ba na adawa da rumbun nan, ko gobe aka tambaye ni zan ce a haɗa. Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Da, in taswira ta yi kuskure, kuskuren yana kwance cikin aljihun tebur guda. Yanzu kuskure guda kowa ke sha, ma'aikata da kamfani da alƙali. Kamfani ya iya awo, ya fi mu na'ura, ya fi mu sauri. Amma kai da ke zaune a yanki, kai ne mutum na ƙarshe da ɗigon zai bi ta hannunsa wanda ya taɓa shan ruwan wurin. In abin da ka sani bai shiga cikin zaɓin da aka ba ka ba, kada ka danna mafi kusa don a tashi taro.

Bayan na ajiye aiki na haɗu da Agali a kara. Na ce masa yanzu rijiyarsa rawaya ce a taswirar ƙasa. Ya ce shi bai ga ta canza ba. Ya tambaye ni ko an mayar mini da kujerata, na ce a'a. Ya dubi raƙumansa, sannan ya ce, "To ka taho da bazara. Ka sha, ka ga ciyawa. Amma kada ka taho yanzu, mai takarda. A ruhe take."