Mai Sannu na Bayan Labule

Duk wanda ya hau matakalar gidan gasar goge ta Berthelin a birnin Lyon zai wuce hotunan da aka jera a bango, kowace shekara da nata. Mutane kan tsaya su duba fuskokin alƙalai, su nuna wa juna wanda ya rasu da wanda ya rage. Ba mai kai ido ƙasa. Amma daga hoton 2004 zuwa gaba, in aka duba gindin koren labulen da ke bayan alƙalan, za a ga ƙafafu biyu cikin safa, babu takalmi. Ƙafafun Malam Moutari ne, mutumin Damagaram.

Gasar ta girme shi nesa ba kusa ba. Wani attajirin siliki ne ya kafa ta bayan yaƙin duniya na farko. An ce 'yarsa ta taɓa shiga gasar goge a Paris aka kayar da ita, shi kuwa ya rantse saboda hancinta ne, wanda irin nasa ta ɗauko. Sai ya kafa tasa gasar, ya sa aka saƙa mata labule mai kauri, ya kuma bar doka: a zagayen farko alƙali ba zai ga mai goge ba, ba zai ji takunsa ba, ba zai ji muryar kowa ba. Waɗanda suka haye ne kawai ake kaiwa Paris su yi wasan ƙarshe fuska a buɗe. Wanda ya ci akan ara masa wani tsohon goge na Italiya, daga nan manyan zaurukan duniya su fara nemansa. Akwai iyayen da tun yaro bai iya ɗaura takalmi ba suke shirya shi domin wannan labule.

Moutari bai zo Faransa don goge ba. Ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa ya zo karanta. Da tallafin karatu ya tsaya, ya nemi aiki, aka ba shi wannan: jan kujeru da gugar labule duk shekara, sannan in gasa ta zo ya cire takalmi, ya raka kowane ɗan takara bayan labule, ya jira ya gama, ya fito da shi shiru.

Ɗan gidan malamai ne, kuma a unguwarsu goge na 'yan bori ne da gidajen da ba a ambata. Da Inna, mahaifiyarsa, ta tambaye shi a waya wane aiki ya samu, ya ce aikin labule. Tun daga ranar take ɗaukarsa tela. Har yau duk wadda za ta aurar da 'ya a layinsu sai Inna ta aiko da awon tagoginta, shi kuma in ya je Paris ya bi ta kasuwar Barbès ya sayo.

A gasarsa ta farko wata yarinya 'yar Koriya ta shiga, ta yi ta sassaƙar goge kamar za ta raba shi biyu. Da ta sauke hannu, zufa na ɗiga daga haɓarta. Moutari dai an rene shi a inda ba a ganin mutum cikin wahala a wuce shi. Bai ma san bakinsa ya buɗe ba.

"Sannu," in ji shi.

An gina zauren ne yadda ko allura ta faɗi sai an ji a kujerar ƙarshe. Alƙalai bakwai suka ɗago kai lokaci guda. Tun da aka rataya labulen ba a taɓa jin muryar ɗan Adam daga bayansa ba.

Madam Perrin, sakatariyar gasar, ta kira shi biro, wato ofishinta.

"Me ka ce mata?"

"Sannu na ce, Madam."

"Ma'anarsa?"

"Na ga ta gaji ne."

"Wato ka yaba wasan."

"Ni ban san wasan ba. Gaishe ta na yi."

"A nan ba a gaisuwa," in ji Madam Perrin, ta buɗe masa ƙofa.

Da abin ya tsaya nan, da an manta. Sai yarinyar ta ci gasar. Shekarar da ta biyo Moutari ya danne bakinsa har kusan ƙarshe, sai wani ƙato ɗan Poland ya shigo, tsirkiya ta tsinke ta tsarge shi a kumatu, ya canza wata ya ƙarasa yana huci. Sannu ta sake kuɓucewa. Shi ma ya ci. A shekara ta uku wanda aka yi wa sannu ko Paris bai kai ba, amma wannan ba wanda ya riƙe shi a rai.

Labari ya bazu har Moscow da Tokyo cewa a Berthelin akwai wata kalma, wanda aka faɗa masa ita ya gama. Wata mujalla ta rubuta cewa tsohuwar al'ada ce ta masaƙan siliki na Lyon. Shugaban alƙalai, dattijo mai sanda, ya tabbatar wa 'yan jarida cewa shi ma ya ji ta da kunnensa lokacin da ya yi takara a 1961, shekaru kafin a haifi Moutari. Madam Perrin ta ga masu neman shiga sun ninka, ta daina kiransa biro.

Da farko 'yan takara suka gwada toshi. Wani ya kawo kilishi, wata ta haddace "ina kwana" tana yi masa ita da la'asar. Moutari ya karɓa da godiya, ya raba wa maƙwabta a unguwarsu ta Rillieux-la-Pape, amma sannu ba ta fito don kilishi ba. Daga baya wani malamin goge ya tattara bayanan tsofaffin ɗalibansa, ya gano abin da ke fito da ita: wahala. Shi ke nan. Kafin a kira mutum sai ka gan shi yana hawa da saukar tudun Croix-Rousse a guje, goge a baya. Wani ya sa tsakuwa a safa don ya yi ɗingishi na gaskiya. A wata makarantar ma an ce akwai darasin ajiyar zuciya. Moutari ya rasa abin da ke damun yaran bana, duk sun lalace, ya dinga raba musu sannu da zuciya ɗaya. Ranar da wata ta sume a ƙafafunsa ya ce "Subhanallahi", alƙalai suka kwashe yamma guda suna gardamar ko wannan ta fi sannu daraja ko ba ta kai ta ba.

A 2013 aka naɗa sabon kwamiti, mutane masu son doka kamar yadda attajirin ya bar ta. Suka aiko Madam Perrin da saƙo: in aka sake jin ko tari daga bayan labule, ba za a sabunta kwantaraginsa ba. Kuma takardar zamansa a ƙasar a kan kwantaragin nan take rataye, tare da ta matarsa Zouera da makarantar 'yarsu Fatou.

Ya kai maganar gida. Zouera na tankaɗe gari, ba ta ɗago ba.

"To Baban Fatou, ka yi shiru mana. Shiru ai ba a biyan kuɗin koyonsa."

"Ba ki ga yaran nan ba ne. Fata da ƙashi. Mutum ya gama wannan wahala ya juyo ya dube ka, ka tsaya kamar turmi?"

"Ni nan tun safe nake tsaye, ban ji tawa ba."

"Sannu."

"Riƙe abarka, ta roƙo ce. Ka ga, maroƙin Turawa, in bakin ne ba ya rufuwa a cika shi. Akwai goron sunan gidan su Chaibou a firij."

Haka aka yi. Kowace safiya ya zaɓi goro mafi girma, ya jefa shi a baki ɗungurungum, ba tauna ba haɗiya. Ɗan takara na farko ya gama, ya juyo jiƙe sharkaf, ya ƙura masa ido. Moutari ya dubi safarsa. Yaron ya jira, ya ƙara sakin numfashi, ya ɗan yi tangaɗi. Sannu ta taso har maƙogwaro, ta ci karo da goro, ta koma. Moutari ya nuna masa ƙofa da hannu, idonsa na ruwa. Haka ya yi da na biyu, haka da na ƙarshe. Ko tari ba a ji ba. Kwamiti ya aiko masa da yabo.

Sai dai kowane ɗan takara ya fita da yaƙinin ya faɗi, kuma kunya ta hana shi gaya wa ɗan'uwansa cewa bai samu ba. Ɗaya bayan ɗaya suka ɗauki akwatunansu suka nufi tashar jirgi, ba su jira sakamako ba. Alƙalai su ma sun sha wuya. Bayan kowane wasa sukan karkata kunne su jira, ba abin da ya zo, sai su ba da maki kaɗan don gudun kuskure. Da ƙyar suka fitar da mutum shida.

Madam Perrin ta bi su shidan a waya. Wani ya riga ya sauka Seoul ya kashe wayarsa. Wani uwarsa ta ɗauka tana kuka ta ce ya bar goge, zai shiga aikin kawunsa. Mutum ɗaya ce ta rage a Faransa, wata 'yar Brazil da jirgi ya tafi ya bari saboda ta makara. A Paris, gaban jakadu da manyan baƙi, ita kaɗai ta yi wasan ƙarshe. Ta zo ta ɗaya. Kujerun na biyu da na uku Moutari ne ya mayar da su ɗakin ajiya.

Ya dawo Lyon ya tattara 'yan kayansa cikin leda, ya zauna jiran kira. Da kiran ya zo ya tarar da kwamiti gaba ɗaya a biro, har da dattijo mai sanda. Madam Perrin ta karanta masa sabuwar doka, ta farko da aka ƙara tun rasuwar attajirin. Daga yau kowane ɗan takara zai samu sannu guda ɗaya, ba daɗi ba ragi, da murya iri ɗaya. An sa koriyar fitila a bayan labule, in ta kunnu sai ya faɗa. Kwantaragin kuma na dindindin ne.

"In wanda bai gaji ba ne fa?" in ji Moutari.

"Kowa ya gaji," in ji Madam Perrin. "Sa hannu a nan."

Ya sa. Da ya gaya wa Zouera ta yi hamdala, sannan ta tambaye shi me ya sa fuskarsa take haka kamar an ƙi shi.

"Wannan ba sannu ba ce, Maman Fatou. Ƙararrawa ce."

"Ƙararrawar da ke sabunta takarda. Ka kaɗa ta da kyau."

Yana kaɗawa kuwa. Fitila ta kunnu, ya ce sannu, alƙalai su gyaɗa kai su duƙufa kan maki. Amma in ya ga wanda wahalarsa ta gaske ce, bayan ta fitilar yakan ɗora hannun dama a ƙirji ya ɗan rusuna. Hannu ba ya ƙara, labule kuma yana da kauri. Har yanzu malaman goge na Moscow ba su kai ga wannan ba.

Ranar da aka ɗauki hoton 2017, ya jira aka watse, ya kashe fitilar, ya zauna a bakin dandamali ya sa takalmansa. A matakala ya tarar da matar da ke goge ƙasa ta kai rabi. Ya tsaya ya ce mata sannu da aiki, ya raɓa ta gefen bango inda ya bushe, ya fita sayen burodi kafin motar Rillieux ta iso.