Kukan Kujerar Baya

Shekara shida na yi a teburin karɓar ƙorafi na wani kamfanin sayar da motoci a Bompai. Aikina shi ne in saurari wanda ya sayi mota ya dawo da kuka, in rubuta, in miƙa wa makanikai. Yawancinsu da faɗa suke shigowa, wasu tun daga bakin ƙofa. Shi ya sa ban manta da wani dattijo ba, wanda ya zo sau uku bai taɓa ɗaga murya ba.

Tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Sharaɗa. Ya daɗe a kan injin saƙa har kunnensa ya yi nauyi. Da ya ajiye aiki, sai ya sayi ƙaramar mota sabuwa fil da kuɗin sallamarsa. Ba ta cika wata guda a hannunsa ba ya dawo, ya zauna a gabana, ya ɗora takardar garanti a kan tebur.

"Ɗana, motar nan tana kuka ta baya," in ji shi.

Na rubuta. Makanikai suka zaga da ita har Na'ibawa suka dawo, suka ce lafiyarta ƙalau. Ya yi godiya ya tafi. Bayan sati biyu ya sake zuwa da maganar, aka ɗaga motar aka duba ƙasanta, ba a ga komai ba. Manaja ya ce mini idan tsohon nan ya ƙara dawowa in ba shi haƙuri kawai, kada a ɓata wa makanikai lokaci.

Ran da ya zo na uku, na tambaye shi ko kukan ya ƙaru. Bai ji ba, sai da na maimaita da ƙarfi. Nan na tsaya da biro a hannu. Mutumin da ba ya jin maganata ga ni a gabansa, yaya zai ji ƙarar da ta gagari kunnen makanikai?

Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ku ne kuke jin kukan, ko wani ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa da ya ɗora a gwiwa.

"Mai ɗakina ce," ya ce. "Ciwon baya gare ta. Duk Alhamis nake kai ta asibiti, don ita na sayi motar, ta huta da hawa bas. Ita ce take cewa kujera tana kuka, kuma wani abu yana tokare ta idan mun shiga gargada. Ni ban taɓa ji ba."

"Me ya hana ku faɗa tun farko?"

"In zauna gaban yara ina zancen iyalina?" Ya ɗan yi murmushi. "Kuma in ce muku ni kurma ne?"

Na je na sami shugaban makanikai, wani mutumin Nijar mai ƙarancin magana, na faɗa masa. Ya ce ai duk gwajin da suka yi babu kowa a baya. Bai nemi izinin manaja ba, ya wanke hannu ya ce mu tafi.

Gidan dattijon yana can wajen Zawaciki. Hajiya ta fito a hankali tana dafa bango, dattijon ya riƙe mata ƙofa har ta zauna a baya ta hagu, inda ta saba. Ni na zauna a gefenta can ƙarshen kujera, shugaban makanikai ya ja motar. Muna sauka daga kwalta muka shiga hanyar Challawa, sai na ji wani siririn ƙara kamar kukan gyare. Na ga ta runtse ido ta damƙe mayafinta.

"Ga shi nan," ta ce a hankali.

Muka tsaya a gindin wata darbejiya, aka shimfiɗa mata tabarma. Da shugaban makanikai ya ɗage kujerar, sai ga wani ƙarfe da ba a ɗaure shi ba tun daga inda aka haɗa motar, ya karkace ya huda soso. Sai nauyin mutum ya hau kansa yake motsi. Dattijon ya sa yatsa ya taɓa bakin ƙarfen, ya juya ya dubi matarsa.

"Wata biyu kina zama a kan wannan?"

"Sau biyu na faɗa, na ga ranka ya ɓaci, sai na yi shiru," ta ce. "Ka ga motar nan kana sonta."

 Ya cire babbar rigarsa ya ninke, ya sa mata a baya muka mayar da ita gida.

Manaja ya so a ɗaure ƙarfen kawai a sallame su. Na ce soson ya riga ya lalace, kuma garanti bai ƙare ba. Muka ɗan ja, shugaban makanikai ya ajiye ƙarfen a kan teburin manaja, sai manajan ya sa hannu a sauya kujerar. Kwana tara aka yi kafin sabuwar kujera ta iso daga Ikko.

Da lokacin sauya baƙin mai ya yi, dattijon ya biyo ta teburina. Na miƙe ina tsammanin wani ƙorafin ne. Ya ce a'a, gaisuwa ya kawo daga Hajiya. Sannan ya rage murya ya ce ran Alhamis ɗin da ta wuce barci ya ɗauke ta a hanyar asibiti, har suka isa ba ta farka ba. Ya sami inuwa ya tsaya, ya zauna yana jiran ta, har layinsu na ganin likita ya kusa wucewa.