Jan Alli a Kalanda

Uwar Shago ba ta yarda da kowa ba, ko tef ɗin awonta sai ta gwada shi da wani. Shekara ashirin tana riƙe da shagon ɗinki mai keke biyar, kuma duk telar da ta yi fashi, sai ta zagaye ranar da jan alli a kalandar bayan ƙofa, ta sa sunanta a gefe.

Cikin telolin akwai wadda ake kira Shiru-shiru, gwanar haɗa hannun riga. Ita kam duk wata sai ta ɓace kwana biyu ko uku, ta dawo dafe da kafaɗar dama, wai ciwo. Uwar Shago ta jera kalandun shekara shida, ta ga fashin yana zuwa kusan duk bayan mako huɗu. Wane irin ciwon kafaɗa ne ya iya lissafi haka? Ta yanke cewa wani shagon take yi wa aiki a ɓoye, ta ƙudurta korarta.

"Anti, gobe zan je asibiti," in ji Shiru-shiru.

"Madalla. Ƙafata ƙafarki."

Washegari Uwar Shago ta ƙunsa kalandun a leda, ta bi ta har ɗakin likita, ta baje su a tebur.

"Likita, duba min nan. Ciwon gaskiya yana zaɓen rana?"

Likitar ta daɗe tana bin jan allin da yatsa. Sannan ta juyo ga Shiru-shiru, ta tambaye ta ko ranakun na al'adarta ne. Ta sunkuyar da kai, ta ce su ne. Tari fa? Ta ce akwai, wani lokacin har da jini.

"Akwai nama irin na bangon mahaifa da kan tsiro a wani wuri daban, har kusa da huhu," in ji likitar. "Duk wata yana jini tare da al'ada, ciwon ya harba kafaɗa. Sai mun ɗauki hoto mu tabbatar, amma waɗannan ranakun sun nuna mana hanya."

Kunya ta rufe Uwar Shago, ta rasa inda za ta sa kanta. A baranda ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke kuwa me ya hana ki faɗa min?"

"Anti, shekara shida nake jira ki tambaye ni."