Zanen Kaka a Ƙwaryar Nono

A kasuwar Karaye na tsaya sayen nono, sai idona ya faɗa kan zanen ƙwaryar mai tallan. Hannun marigayiya kakata ne, ban yi shakka ba.

A garinmu Yammedi, Kaka takan sa wuƙa a garwashi har ta yi ja, ta bi bayan ƙwarya da ita, ƙauri na tashi. Wata rana na ce, "Kaka, kin bar nan fili."

Ta ce, "Haba maigida, ido ma yana son wurin hutawa."

Na roƙi mai nonon ta sayar mini. Ta ce da ita aka kai ta ɗakin miji, ba za ta iya ba. Na shafa zanen, na miƙa mata abarta.

Allah ya kai haske kabarinki, Kaka.